Ladabin Sauraron Mai Galahanga Da Mai Rainonsa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, a gidajenmu na Zariya cikin Maraɗi, da Tibiri da Jiratawa, akwai yaran da ba su son haɗa ido da mutane, bakinsu na jinkirin buɗewa, hayaniya na firgita su. Ana kiran wannan galahanga. Bambanci ne a ginuwar ƙwaƙwalwa. Ba aljanu ba ne, ba kuma sakacin uwa ba.

Carl Rogers, masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, ya fitar da littafi a 1951 a kan nasihar da ke farawa da sauraro. Ya koyar da cewa mai nasiha ya karɓi mutum yadda yake, ya fahimci abin da ke ransa, kuma zahirinsa ya dace da baɗininsa.

Muslim ya ruwaito daga Anas cewa wata mata mai rauni a hankalinta ta zo da buƙata, sai Annabi (SAW) ya bar mata zaɓin inda za su tsaya, ya saurare ta har buƙatarta ta biya.

Don haka idan uwar irin wannan yaro ta kawo kuka, kada ka gaggauta lissafa mata magunguna. Tambaye ta abin da ya fi gajiyar da ita, ka yi shiru ta gama. Yaron kuma ka rage masa hayaniya, ka jira amsarsa, ko da nuni ce. Duka da ɗauri tsoro kawai suke ƙara masa. Sannan ka raka su wajen likita.

Allah Ya sa mu dace, amin.