DARASINMU NA WANNAN WATA: MATAN FARKO A MAJALISA DA AƘIDAR TACE IRI

'Yan'uwa a cikin Kristi, kowane manomi a Sule Tankarkar ya san zaɓen iri. Idan kaka ta yi, mukan ware zangarniyar geron da ta fi ƙwari mu ajiye domin baɗi. Mai sayen sa a kasuwar Maigatari shi ma yakan duba ƙira kafin ya yi tayi. Wannan hikima ce a gona da garke. Darasinmu na yau ya shafi lokacin da waɗansu shugabanni suka ɗauki wannan awo suka gwada shi a kan 'yan Adam, kuma a cikinsu akwai matan da duniya ke girmamawa har yau.

Abin da suka yi na alheri

A lardin Albata na ƙasar Kanada, an zaɓi Louise McKinney a majalisar dokoki a 1917. Nellie McClung da Irene Parlby suka shiga a 1921, Parlby ta zama minista. Emily Murphy kuwa ta zama alƙaliya tun 1916. Waɗannan mata sun yi fama domin matar aure ta sami haƙƙi a gidan mijinta, kada a sayar da shi ba da saninta ba. Sun nemi a ƙayyade mafi ƙarancin albashin mata, a kai ma'aikatan jinya ƙauyuka. Tare da Henrietta Muir Edwards suka ɗaukaka ƙara har Landan, inda a ranar 18 ga Oktoba 1929 aka yanke hukunci cewa mace tana cikin waɗanda doka ke kira mutane, saboda haka tana iya zama a majalisar dattawa.

Mu da matanmu na Arewa ba su sami ikon jefa ƙuri'a ba sai 1976, bayan wahala da ɗauri da irin su Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya suka sha, mun san darajar wannan aiki.

Inda suka kauce

A zamanin nan akwai wata aƙida mai cewa za a iya gyara al'umma idan aka hana waɗanda ake gani marasa kyan iri haihuwa. Murphy da McClung da Parlby sun goyi bayanta a fili. A 1928 gwamnatin jam'iyyar manoma, wadda Parlby ke cikinta, ta kafa dokar da ta ba wani kwamiti ikon sa a yi wa masu taɓin hankali da masu raunin ƙwaƙwalwa tiyatar kashe haihuwa. A 1937 aka cire sharaɗin neman yardar da yawa daga cikinsu. Kafin a soke dokar a 1972, an yi wa mutum fiye da 2,800 wannan aiki. Matalauta da 'yan asalin ƙasar, waɗanda Turawa suka tarar, sun fi shan wannan ukuba. Wata yarinya, Leilani Muir, an yi mata a 1959 tana da shekara 14, aka ce mata wata cuta ce ake cire mata a ciki. Sai a 1996 kotu ta ba ta gaskiya.

Wariyar launi ma ta shiga. Littafin da Murphy ta wallafa a 1922 a kan miyagun ƙwayoyi ya ɗora laifi mai yawa a kan baƙi 'yan ƙasar Sin. A Amurka, Rebecca Felton, mace ta farko da ta zauna a majalisar dattawa a 1922, ta yi fama domin a gyara gidajen yari, amma ta goyi bayan kisan gilla da ake yi wa baƙaƙen fata ba tare da shari'a ba.

Matsayin Ikilisiya

A ranar 31 ga Disamba 1930, Paparoma Pius na 11 ya fitar da wasiƙarsa a kan aure mai suna Casti Connubii. A ciki ya bayyana cewa hukuma ba ta da iko a kan gaɓoɓin jikin wanda bai yi laifi ba, ko da sunan gyaran iri ne. Tushen koyarwar yana cikin Farawa 1:27, inda muka koyi cewa kowane mutum yana ɗauke da kamannin Allah. Darajarsa ba ta rataya ga lafiyarsa ko ƙabilarsa ko amfaninsa ga tattalin ƙasa ba.

Abin da ya shafe mu

Waɗannan mata sun ɗauka taimako suke yi. Wannan shi ne abin tsoro, gama mu ma muna iya cutar da wani da zuciyar taimako. Sun ga zaluncin da ake yi wa mata irinsu, idonsu bai kai ga na ƙasa da su ba.

Yau ana gwada jini kafin aure saboda cutar sikila, kuma Jihar Kano ta mai da gwajin lafiya kafin aure doka a 2024. Sanin gaskiya kafin aure abu ne mai kyau, yana kuma rage hawayen iyaye. Amma idan gwajin ya sa muka fara kallon mai sikila a matsayin nauyi, ko muka ce da ba a haife shi ba, mun taka hanyar Albata. Haka ma idan muka hana aure don an ce wane ba shi da asali, ko muka ɓoye yaro mai naƙasa a ɗaki don kunya. Da yawa cikinmu sun san zafin raini saboda asali, bai kamata mu ɗana wa wani ba.

Tambayoyi domin Zumuntar Mata da ƙungiyar matasa

1. Su wane ne a ƙauyenmu ake yanke shawara a kansu ba tare da an tambaye su ba?
2. Yaya za mu yaba aikin shugaba ba tare da mun rufe ido ga laifinsa ba?
3. Wane iyali mai mara lafiya ko mai naƙasa za mu ziyarta kafin taronmu na gaba?