Nazari: Manhajar Rarraba Gajerun Adiresoshin Intanet da Abin da Ya Kamata 'Yan Kasuwa Su Sani

'Yan kasuwa masu tallata hajarsu a dandalolin sada zumunta sukan ɓata lokaci wajen kwafo dogon adireshin shafin kayansu, su gajarta shi, sannan su liƙa shi a Facebook da X da WhatsApp ɗaya bayan ɗaya. Wata 'yar ƙaramar manhaja da ake maƙalawa a jikin burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet irin su Chrome da Firefox, tana iya gama wannan aiki da dannawa ɗaya.

Gajarta adireshi ya yi suna ne da kafuwar TinyURL a Amurka cikin 2002, Bitly kuma ya biyo baya a 2008. Abin da ya bunƙasa harkar shi ne dandalin Twitter, wanda ya koma X a 2023, domin a farkonsa saƙo ba ya wuce haruffa 140, dogon adireshi kuwa yakan cinye rabinsu.

Gajeren adireshi bai ƙunshi shafin ba, ɗan jagora ne kawai. Kwamfutar kamfanin da ya gajarta shi tana riƙe da rajista, inda aka haɗa kowane gajere da dogonsa. Da zarar mai saye ya danna, sai ta tura shi shafin ainihi, ta kuma ƙirga ziyarar. Ta haka ɗan kasuwa ke gane dandalin da ya fi kawo masa masu ciniki.

Ƙera manhajar ya kasu kashi uku. Na farko shi ne fayil mai suna manifest.json, wanda ke bayyana sunanta da izinin da take nema. Na biyu shi ne umarnin da ake rubutawa da JavaScript, wanda zai karanta adireshin shafin da ke buɗe, ya aika wa kamfanin gajartawa tare da mabuɗin asusun ɗan kasuwa, ya karɓo gajeren. Na uku kuwa shi ne 'yar taga mai maɓallai, kowane maɓalli yana buɗe gurbin rubutu na dandali guda da adireshin a ciki. Mai son sanya ta a rumbun Chrome Web Store zai biya dala 5 na rajista sau ɗaya tak. Ya dace a taƙaita izininta ga shafin da ke buɗe kaɗai, kada kuma a ajiye mabuɗin asusu a cikin manhajar da za a raba wa jama'a, domin kowa zai iya tono shi.

Sai dai babban haɗarin yana ga mallakar adireshin, domin kayan aro ba ya rufe katara. Kamfanin Google ya buɗe goo.gl a 2009, ya daina karɓar sababbi a 2019, sannan a watan Agusta na 2025 ya kashe waɗanda aka daɗe ba a danna ba. Haka kuma a 2010 hukumar rajistar adiresoshin ƙasar Libya ta soke vb.ly, adiresoshin da ke ƙarƙashinsa suka tsaya cik. Wanda ya buga irin wannan adireshi a kwalin kaya ko allon talla ko rasidi, asara ta hau shi, don ba a gyara abin da ya riga ya shiga hannun masu saye.

Saboda haka ya kamata kamfani ya yi rajistar gajeren suna nasa na kansa, misali a ƙarƙashin .ng wanda ƙungiyar NiRA ke kula da shi a Nijeriya, ya ɗora manhajar a kansa, ya riƙa sabunta rajistar kafin wa'adinta ya cika, ya kuma adana jerin adiresoshinsa duka. Ko da kamfanin gajartawa ya rufe, sai a mayar da jerin wani wuri, tallar da aka buga ta ci gaba da aiki. Bugu da ƙari, mai saye ya fi sakin jiki da adireshin da ke ɗauke da sunan da ya sani, ganin cewa 'yan damfara ma sukan fake da gajerun adiresoshi.