Gishirin Da Ke Ɓoye Cikin Tukunya

Jama'a, tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tukunyar talaka ta sauya kama. Nama sai ranar suna, kifi sai an yi baƙo. Uwargida kuwa dole ta nemi dabara, dabarar da ta fi araha ita ce ta murmushe dunƙule uku ko huɗu a miyar da ba komai cikinta, ta ƙara gishiri, ga yaji a gefe shi ma da nasa. Maigida ya fita tun asuba neman na cefane, karin kumallonsa a teburin mai shayi: indomi, an juye mata ƙullin sinadarinta kaf, an kuma ƙara dunƙule. Ta wannan ƙofa hawan jini yake shigowa gida.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya kai gram 5 na gishiri a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Lissafin nan ya haɗa da wanda ke cikin burodi da kilishi da dunƙule, shi kuwa dunƙule kusan rabinsa gishiri ne.

Ku dubi mai noman rani a Kadawa da injinsa na ban-ruwa. In ya ƙure wa injin wuta kullum, mesar ba ta kuka, ba ta gargaɗi. Yau lafiya, gobe lafiya, tumatir ya yi shar, manomi yana murna, alhali robar tana ta gajiya daga ciki. Ranar da za ta fashe, a wurin da ya fi rauni za ta fashe, galibi kuma a tsakiyar aiki. Haka jijiyoyin jini suke. Gishiri yana riƙe ruwa a jiki, jini ya yi yawa, zuciya ta riƙa turawa da ƙarfi shekara da shekaru. In abin ya ɓalle a ƙwaƙwalwa, shanyewar ɓarin jiki ke nan. In ya ci ƙoda, sai wankin ƙoda, wanda kuɗinsa ya fi ƙarfin mai albashi balle ɗan tireda.

Abin takaici, sai mutum ya faɗi a banɗaki, baki ya karkace, sannan dangi su ce sammu ne ko iska. Haba jama'a! Awon jini bai cin minti 5. Duk wanda ake ta samun nasa 140 bisa 90 ko fiye, ya ga likita. Wanda aka ɗora a kan magani kuma ya daina sha don “ai na ji sauƙi”, wannan ganganci ne. Jiki amana ce da Allah zai tambaye mu, kuma neman magani bai saɓa wa tawakkali ba.

Kada a ce rashin kuɗi ne ya ɗaure mu gaba ɗaya. Daddawar kalwa tana nan, kakanninmu da ita suka yi miya mai daɗi. A rage dunƙule sannu a hankali, harshe zai saba. Zogale da rama da yakuwa suna tsirowa a bayan ɗaki, kwaɗonsu da ƙuli-ƙuli ya fi burodi da lemon kwalba riƙe ciki. Lemon nan ma sukari ne zalla, mai son kauce wa ciwon suga ya bar shi.

Motsa jiki kuwa, minti 150 a mako ake so, wato rabin awa sau 5. Ba sai an biya kuɗin kulob ba. A sauka daga adaidaita sahu kafin a kai, a ƙarasa da ƙafa. Kuɗin mota ma ya ragu. A taka zuwa masallacin Juma'a, ga lada ga lafiya. Matan da ba sa fita su zaga tsakar gida bayan sallar asuba, kuma maigida ya kai su awon jini a asibitin unguwa, ba sai da juna biyu ba.