Ambaliyar Makka: Alamar Tashin Alƙiyama Ce?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya 'yan uwa matasa, a watan Disamba na 2022 ruwa ya sauka a Makka har ya riƙa jan motoci a kan titi. Bidiyon ya zagaya zango, wasu ɗalibanmu suka zo aji suna cewa: "Malam, duniya ta zo ƙarshe, karatun me kuma?" Wannan magana ce ta sa muka ɗauki alƙalami.

Duk alhajin da ya sauka a unguwar Shisha, kusa da Mina, ya ga yadda garin yake: duwatsu ne tsirara ta kowace fuska, gidaje kuma a tsakaninsu. Dutse ba ya shan ruwa. Idan sama ta zubo, sai ruwan ya gangaro gaba ɗaya cikin kwari, Masallacin Harami kuwa a cikin kwarin yake. Larabawa na kiran irin wannan ruwa "sailu".

Ba yau aka fara ba. A zamanin Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ambaliyar da ake kira ta Ummu Nahshal ta ɗauke Maƙamu Ibrahim daga wurinsa. Me Umar ya yi? Ya zo Makka ya mayar da shi, sannan ya sa aka gina shinge a saman gari don tare ruwa. A shekarar 1039 Hijiriyya, wato 1630, ruwa ya rusa bangayen Ka'aba, Sarkin Musulmi Murad na huɗu ya sa aka sake gina ta. A 1941 ma ruwa ya cika masallacin har wani yaro ɗan Baharain ya yi ɗawafi da iyo. Hotonsa na nan.

Wannan ɗabi'a ba tamu kaɗai ba ce. Cikin maƙwabtanmu 'yan Katolika akwai masu danganta kowace girgizar ƙasa da saƙon da yara uku suka ce an ba su a garin Fatima na ƙasar Fotugal a 1917. Amma da Fadar Paparoma ta bayyana sirri na uku a 2000, ta fassara shi da harbin da aka yi wa Paparoma a 1981, ba ta sa wa duniya ranar ƙarewa ba.

Mu kuwa hujjarmu ta fi kusa. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu, rana ta yi husufi, mutane suka ce saboda rasuwarsa ne. Annabi da kansa ya kore wannan fassara, ya umarce su da salla. Ba mu musun alamomin Alƙiyama, hadisai ingantattu sun zo da su, kuma bala'i abin tunatarwa ne. Abin da ba mu da iko a kansa shi ne mu nuna wata ambaliya mu yanke cewa ita ce, alhali Mala'ika Jibrilu ma bai samu sanin lokacin ba.

Mu dawo gida. Ranar 3 ga Yuni 2015, ambaliya da gobarar gidan mai a Circle, cikin Ankara, sun kashe mutum sama da 150. Shara da ta toshe magudanu na cikin dalilai, kuma kowa ya san wanda ke zuba ta. Kafin damina ta kama, kwatar ƙofar masallacinmu tana jiran shebur da hannuwa.

Wallahu a'alam.