Zabuwar da Ba Ta Tashi

A dajin ƙasar Hausa, musamman a gindin duwatsu da wurare masu tsakuwa, akwai wata shuka da ake kira zabuwa. Waɗansu kuma suna ce mata kabar giwa. An sa mata sunan zabuwa ne domin ganyenta yana da fararen ɗige-ɗige, roɗi-roɗi kamar jikin zabo. Ba ta da dogon kara, ba ta da rassa. Ganyayenta masu kauri ne, da 'yan ƙayoyi a gefe, duka kuwa daga gindi ɗaya suke fitowa, su jeru a kewaye kamar yara sun zauna wa akushi. Sabon ganye daga tsakiya yake ɓullowa, tsofaffin su yi ta matsawa waje.

Dangin wannan shuka sun fi iri 500, yawancinsu a Afirka da tsibirin Madagaska da ƙasar Larabawa. Wadda ta fi duka suna ita ce alobera, wadda ake dasawa cikin tukwane a gidaje. Asalinta daga ƙasar Larabawa ne. Larabawa suna kiranta sabir, kalmar kuwa tushensu ɗaya da sabr, watau haƙuri. Sunan ya dace da ita ƙwarai, gama takan yi watanni ba ta ga ruwa ba, kuma ba ta mutu ba.

Asirin haƙurin nan yana cikin ganye. In aka yanka ganye ɗaya, za a ga cikinsa cike da wani abu mai yauƙi, garai-garai, wanda fiye da kashi 95 cikin 100 nasa ruwa ne. Ashe kowane ganye randa ce. Bawon ganyen kuma yana da kauri da santsi kamar an shafa masa kakin zuma, don kada ruwan ya tsere. Akwai wani abin mamaki kuma. Ganyen kowace shuka yana da ƙananan ƙofofi, waɗanda ido ba ya gani, ta inda iska ke shiga. Masara da wake sukan buɗe nasu da rana, shi ya sa suke yin yaushi da azahar. Alobera kuwa takan rufe nata sa'ad da rana ke zafi, sai dare ya yi sanyi ta buɗe.

To, yaron da ke son ya dasa ta ba ya bukatar iri. Babbar alobera takan fid da 'ya'ya a gindinta. Sai a zaɓi ɗan da ya kai inci 4, mai ganye huɗu ko biyar, a tone a hankali, a raba shi da uwar da wuƙa mai tsabta, tare da 'yan saiwoyinsa. Ganye shi kaɗai ba ya kamawa, ruɓewa yake yi. Kada a dasa nan da nan. A ajiye ɗan a inuwa kwana 2 ko 3, har bakin yankan ya bushe, domin ta ɗanyen rauni ruɓa take shiga.

Tsohuwar tukunyar ƙasa ta fi kowane mazubi kyau, ko da ta tsage. Lalle ne a huda gindinta, a ɗora tsingaro bisa hudar don kada ƙasa ta zube. Sa'an nan a cika ta da mudu biyu na yashi, mudu ɗaya na ƙasa, da ɗan tsohon taki kaɗan. Laka ba ta da amfani a nan ko kaɗan, don riƙe ruwa take yi. A binne saiwar kaɗai, gindin ganyen ya zauna a bisa ƙasa, a bar ta mako guda ba ruwa.

Wajen ban ruwa ne yawancin masu dashe suke yin hasara. Yaro ya saba ganin ana yi wa tumatir da albasa ban ruwa safe da yamma, sai ya ce bari ya kyauta wa aloberarsa haka nan. Saiwa kuwa tana bukatar iska, in ƙasa ta zauna jagab kullum sai ta shaƙe. Bayan 'yan makonni ganyayen ƙasa su yi laushi, su zama rawaya, gindin ya fara wari. Da yaron ya ga haka sai ya zaci ƙishirwa ce, ya ƙara ruwa, ya ƙarasa ta.

Dabarar mai sauƙi ce. Kafin a ba ta ruwa, a cusa yatsa cikin ƙasar kamar inci 2. In an ji danshi, a ƙyale ta. In an ji ta bushe ƙayau, a zuba ruwa sosai har ya fito ta hudar, amma a kan ƙasa za a zuba, ba a tsakiyar ganyayen ba. Aloberar da ke jin ƙishirwa ganyenta yakan yi siriri ya lanƙwashe ciki, da ta sha kuwa sai ya sake cika. Wadda ta fara ruɓa sai an tumɓuke ta, an yanke duk inda ya lalace, an shanya ta a inuwa, an sake mata busasshiyar ƙasa, wataƙila ta tsira.

Cikin watan Agusta, lokacin marka, a shigar da tukunyar ƙarƙashin rumfa, nesa da indararo. Da hunturu a rage mata ruwa, don ba ta girma da sauri. Da bazara kuma rana takan mai da ganyenta ja-ja, saboda haka wurin da ya fi mata shi ne inda hantsi ke samunta, inuwa ta rufe ta da azahar. A cikin ɗaki mai duhu kuwa ganyen yakan kwanta, ya koɗe. In an ga waɗansu fararen ƙwari kamar auduga a tsakanin ganyaye, a goge su da tsumma da ruwan sabulu.

Bayan kamar shekara 4, wadda ta sami kulawa takan fid da dogon kara mai rawayan furanni. Mutane sukan shafa yauƙin ganyenta ga ƙaramar ƙuna. Mai son yanka sai ya ɗauki tsohon ganye na waje, ya jingine shi har wani ruwa rawaya ya tsiyaye daga bakin yankan. Ruwan nan ɗaci gare shi kamar maɗaci, yana kuma sa murɗar ciki da zawo mai tsanani. Kada yaro ya sha shi, kada kuma ya bar ƙanensa ya kai ganyen baki.