Kafin a Kai ga Zaɓen Bindiga

Duk lauyan da ya daɗe yana zirga-zirga a babbar kotun Yamai ya san ta ƙofa biyu maganar ƙaramar bindiga take shigowa ofishinsa. Ko dai ɗan kasuwa ya zo da hoton Glock ko Beretta a wayarsa, yana tambayar wacce ta fi kyau kuma wa zai gani a ba shi farmi, ko kuma iyalin mutum su zo hankali tashe bayan an tsare shi a komisariya saboda an tarar da bindiga a motarsa ba takarda. Masu shigowa ta ƙofofin biyu sun yi kuskure iri ɗaya, wato sun fara daga inda ya kamata su ƙare. Zaɓen bindiga shi ne mataki na ƙarshe, kuma shi ne mafi sauƙi. Abin da nake son kafawa a nan shi ne cewa tambayoyin da hukuma take yi wa mai neman izini, waɗanda mutane ke ɗauka jan ƙafa ne kawai, su ne ainihin tambayoyin da ya kamata mutum ya yi wa kansa tun kafin ya rubuta takardar nema, kuma da yawa daga cikin masu nema, in sun amsa su tsakani da Allah, za su janye da kansu.

A Nijar, farar hula ba ya riƙe bindiga sai da izinin ma'aikatar cikin gida, kuma tushen wannan ƙa'ida doka ce da aka kafa tun 1963, zamanin Diori Hamani. Mai nema yakan rubuta wa minista takarda ya bayyana dalilinsa, ya haɗa da shaidar ko shi wane ne, da takardar kotu mai nuna ba a taɓa ɗaure shi ba, wadda ofisoshinmu ba sa karɓarta in ta wuce wata 3 da fitowa. Daga nan sai jami'an tsaro su binciki halinsa: sana'arsa, zamansa da maƙwabta, ko mai saurin fushi ne, ko mai shaye-shaye. Jerin takardun yakan canja, don haka a ofishin ake tambaya, ba a bakin dillali ba. Abin da ba ya canjawa shi ne izinin yana ɗaure da mutum ɗaya da makami sananne mai lambarsa. Wanda ya sayi bindiga tukuna sannan ya ce zai nema mata takarda ya riga ya aikata laifi tun ranar da ta kwana a gidansa, kuma takardar neman da ya shigar ba za ta wanke shi a gaban alƙali ba.

Nijar ba ita kaɗai ta tsaurara ba. Yarjejeniyar ƙungiyar CEDEAO a kan ƙananan makamai, wadda aka sa wa hannu a Abuja ranar 14 ga Yuni 2006 ta kuma fara aiki a 2009, ta shimfiɗa sharuɗɗa a sashenta na 14: cikar shekaru, rashin tabon laifi, dalili karɓaɓɓe, sanin dokar makamai, horo a kan riƙe makami lafiya, da wurin ajiya inda bindiga take dabam harsashi dabam. Ta kuma ce a jira aƙalla kwana 21 kafin a ba da izinin kowane makami. Wannan jiran yana da hikima, domin wanda aka yi wa fashi jiya, ko aka ci masa mutunci a kasuwa, ba shi ne mutumin da zai kasance bayan sati 3 ba. Wasu suna cewa ai Nijar ta fice daga CEDEAO tun Janairun 2025, to me ya rage? Dokar cikin gida ta girmi yarjejeniyar da shekara 43, kuma tana nan daram. A Najeriya ma, dokar makamai ta 1959 ta sa ƙaramar bindiga a jerin waɗanda sai shugaban ƙasa ne ke ba da izininsu. Birtaniya kuwa ta hana farar hula mallakarta kusan gaba ɗaya a 1997, bayan kisan yara 16 da malamarsu a makarantar Dunblane. A waɗannan ƙasashe ana ware ta da tsanani ne saboda tana ɓuya a ƙarƙashin riga, kuma ba a ƙera ta don farauta ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi a bakin masu nema ita ce: ɗan fashi ba ya cika takarda, to don me za a wahalar da mutumin kirki? Maganar tana da gaskiyarta. Cibiyar Small Arms Survey ta Janeba ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindigogi kimanin 117,000 a hannun farar hula a Nijar, kuma masu rajista a cikinsu ba su wuce dubu kaɗan ba. Ƙasar ta daɗe tana fama da abin. An kafa hukumar karɓar haramtattun makamai, CNCCAI, a 1994, an ƙona makaman tsofaffin 'yan tawaye a Agadas ranar 25 ga Satumba 2000, sai rushewar Libiya a 2011 ta sake buɗe ƙofa, haƙar zinariya a Jado daga 2014 ta ƙara kasuwa. Amma a dubi abin da ƙaramar bindiga za ta iya. Wanda ke tare hanya a yankin Tilaberi ko mai satar mutane a karkarar Madarumfa da Gidan Rumji da kalashi yake zuwa, kuma ba shi kaɗai ba. A cikin Yamai kuwa, abin da ya fi damun mutane shi ne fizgen waya da jaka a kan babur da kuma fasa gida da dare, kuma a duka biyun ɓarawo ne ke zaɓen lokaci. Kafin mai mota ya kai hannu ƙarƙashin kujera an gama. In kuma ya kai hannun ya harba a cunkoson Katako ko bakin Babbar Kasuwa, harsashin da ya kuskure ɓarawo ba ya komawa cikin bindiga, yana samun mai talla ko ɗan makaranta.

Akwai kuma abin da bindiga ke yi a sauran kwanakin shekara, waɗanda ɓarawo bai zo ba. Binciken da likita Arthur Kellermann ya jagoranta a Amurka, wanda aka buga a 1993, ya gano cewa haɗarin a kashe wani a cikin gida ya kusan ninka sau 3 a gidajen da ke da bindiga, kuma yawanci mai kisan ɗan gida ne ko wanda aka sani. Wani binciken da aka buga a 2020, wanda ya bi mutum sama da miliyan 26 a jihar Kalifoniya tsawon kusan shekara 12, ya nuna cewa maza masu ƙaramar bindiga sun fi sauran maza kashe kansu da bindiga kusan sau 8. Za a ce wannan Amurka ce, mu Musulmi ne, halinmu dabam. Alƙalumansu ba namu ba ne, na yarda. Sai dai dalilin da ya haifar da alƙaluman yana nan a gidajenmu, watakila ma fiye. Gidan Bahaushe ko Bazabarme a Bukoki ko Talaje ba gidan mutum 3 ba ne. Akwai 'ya'ya da 'ya'yan riƙo, da ƙannen mai gida, da baƙi daga ƙauye, da yaran aike masu shiga ko'ina, kuma babu ƙasan katifa ko saman kabad ɗin da yaro ɗan shekara 10 bai san abin da ke wurin ba. Rigimar gado, kishi da bashi kuwa su ne abincin kotunanmu kullum. Faɗan da a da zai ƙare da zagi ko mari, in akwai bindiga a ɗaki yana iya ƙarewa a mutuware. Ba banza ba hadisi ya hana nuna wa ɗan'uwa makami ko da wasa.

Abin da masu farmi suka fi rashin sani shi ne iyakar takardar da ke aljihunsu. Kamar farmin tuƙi ne, wanda ya ba mutum damar hawa titi amma bai yafe masa kaɗe mai tafiya a ƙasa ba. Dokar hukunta laifuka ta yarda da kare kai, amma da sharaɗi: harin ya zama yana faruwa a lokacin, babu wata mafita, kuma martanin ya yi daidai da girman harin. Ɓarawon da ya juya baya yana gudu da waya ba ya barazana ga ran kowa, kuma wanda ya harbe shi a baya zai amsa tuhuma mai nauyi. Harbi sama a wurin biki, zaro bindiga a rigimar mota, ko ajiye ta a kan tebur lokacin karɓar bashi, duk suna iya kai mutum gidan kaso da farminsa a hannu. Ko wanda ya kare kansa da gaskiya sai ya bi ta hannun 'yan sanda ko jandarma, an karɓe makamin, mai gabatar da ƙara ya duba, kuma hakan yakan ci watanni. Bayan shari'ar hukuma akwai dangin mamaci da maganar diyya, akwai kuma zama a unguwa ɗaya da su.

To, wanda ya wuce duk wannan, dalilinsa ya tabbata, izini ya fito, wace zai zaɓa? Amsar ba ta da armashin da ake tsammani. Zai zaɓi wadda izininsa ya ambata, ta hanyar da hukuma ta amince, mai lamba a jiki da takardar saye. Bayan haka iri biyu ne a gabansa. Libarba tana ɗaukar harsashi 5 ko 6, sassanta kaɗan ne, kuma da an buɗe ta ido yana ganin ko akwai harsashi ko babu. Mai gidan harsashi a cikin mariƙi, irin su Glock 17 mai ɗaukar 17, ta fi yawan harbi amma ta fi neman sani. A jikinta ne ake yin wani kuskure mai kashe 'yan gida: mutum ya zare gidan harsashi ya ɗauka ta zama fanko, alhali ɗaya yana kwance a cikin bututu. Glock ba ta ma da maɓallin kulle na gefe irin wanda mutane ke gani a fim, yatsa ne kawai tsakanin mai riƙe da ita da harbi. Ƙurar hunturu da zufar watan Afrilu kuma suna neman a riƙa gogewa da sa mai. Ga wanda ba soja ba, ba ɗan sanda ba, yawan harsashi ba shi ne abin dubawa ba. Abin dubawa shi ne ko mariƙin ya zauna a hannunsa, ko yana iya jan kunama ba tare da bakin ya karkace ba, kuma a ina zai koyi harbi a hannun wanda hukuma ta yarda da shi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda bai da amsar tambayar horo bai shirya ba, ko da kuɗin bindiga 10 gare shi.

Wata iri kuma ba ta shiga lissafin zaɓi ko kaɗan. Masu bincike sun daɗe da lura da bindigogin ƙara ƙirar Turkiyya, waɗanda aka yi su don su yi amo kawai, ana gyara su su harba harsashi na gaske, ana shigo da su yankinmu ta Libiya. Suna da araha, kuma a ido ba a bambance su da na ainihi. Ƙarfensu ba a yi shi don ɗaukar wannan matsi ba, yana iya tarwatsewa a hannun mai harbi. Haka ma bindigar hannu-da-hannu da aka kankare lambarta: mai saye bai san gawar da ke bayanta ba, kuma ranar da aka kama ta, shi za a tambaya.

Saura ƙorafin cewa takarda tana daɗewa, kuma mai uwa a gindin murhu ya fi saurin samu. Ba zan kare jinkirin da ba shi da dalili ba. Mai nema ya cancanci a faɗa masa wa'adi, a kuma ba shi amsa a rubuce, ko e ko a'a, domin ofishin da ya yi shiru shekara guda yana tura mutane wajen dillalan bayan fage ne. Dokar da aka rubuta a 1963 ma tana bukatar a sabunta ta da sharaɗin horo da na ajiya ƙarara. Amma gyaran tsari aikin hukuma ne, kuma jinkirinta ba ya halatta wa kowa sayen makami a ɓoye. Kafin nan, yawancin masu neman bindiga a Yamai matsalarsu tsabar kuɗi ce da suke yawo da ita daga shago zuwa gida, kuma wannan tana da magani mafi sauƙi: banki, ko kamfanonin aika kuɗi irin su NITA da Amana da Al Izza, da canja lokacin tashi daga kasuwa, da fitila da mai gadi a ƙofar gida.

Wanda ya riga ya mallaka da izini, nauyinsa bai ƙare ba ranar da ya karɓi takarda. Bindiga tana zama a akwatin ƙarfe mai makulli, ba harsashi a cikinta, harsashin yana wani wuri dabam, makullin kuma a jikin mai ita. Ba a ara wa ƙane, ba a ba mai gadi ya kwana da ita, domin sunansa ba ya cikin takardar. In ta ɓata ko an sace, a sanar da komisariya ko jandarmari a ranar, a karɓi shaidar sanarwa. In mai ita ya rasu, izinin ba ya shiga rabon gado tare da gona da mota. Magada su kai rahoto, su miƙa makamin ga jami'an tsaro ko hukumar CNCCAI, wanda yake son riƙe shi a cikinsu kuma ya shigar da tasa takardar nema daga farko.