Hoton da ganye ke fitowa fari: amsa ga mai tambaya daga Fakuwa

Wani matashi mai ɗaukar hoton biki da suna ya aiko da tambaya daga Fakuwa, a yankin Kankiya da Kusada. Ya ce ya ga wasu hotuna a Facebook inda itatuwa suka fito fari fat, sama kuma ta yi baƙi ƙirin, aka ce masa ai hoton infared ke nan. Ya ba da saƙo aka sayo masa filta, ya ɗaura a bakin kyamararsa, ya fita bayan gari da yamma. Duk abin da ya ɗauko ja wur, dishi-dishi, ba ka bambance itace da rumbu. Tambayarsa ita ce ko jabu aka sayar masa.

Ƙanena, da wuya laifin filta ne. Jan nan da ka gani shi ne ɗanyen hoton, haka yake fito wa kowa, har ƙwararru. Abin da ya kuɓuce maka shi ne lokacin fita, da yadda ake saita kyamara, da gyaran da ake yi bayan an dawo gida.

Idon ɗan Adam yana ganin haske daga wajen nanomita 400 zuwa 700, kuma ja ne na ƙarshe. Bayan ja akwai wani haske da rana ke zubowa, ido ba ya ganinsa, shi ne infared. William Herschel ya gano shi a Ingila a 1800, sannan wani masanin Amurka, Robert Wood, ya buga hotunan fili da aka ɗauka da shi a 1910. Ɗanyen ganye yana mayar da wannan haske sosai, shi ya sa yake fitowa kamar an baza auduga a kan itace. Ruwa shanye shi yake yi, sai ya yi duhu. Sama mai garau ita ma duhu take yi. Kada ka haɗa shi da na'urar da ke auna zafin jiki, wannan wata aba ce daban. Kyamararka ba za ta nuna maka mutum cikin duhun dare ba.

Sensar kyamara tana iya kama hasken har zuwa wajen nanomita 1100, amma kamfanoni suna sa wani ɗan gilashi a gabanta don ya tare shi, kada ya ɓata launin hotunan yau da kullum. Filtarka, idan irin Hoya R72 ce, tana tare kusan duk abin da ke ƙasa da nanomita 720. To ka gani: filta ta tare hasken da ido ke gani, gilashin ciki ya tare mafi yawan ɓoyayyen, ɗan abin da ya tsira ne kawai ke isa sensa. Kafin komai, ɗauki rimot ɗin talabijin, ka nuna bakinsa ga kyamara a cikin ɗaki, ka danna. Idan ka ga ɗigon haske a allo, kyamarar za ta yi aikin. Idan da ƙyar kake ganinsa, ka shirya jira mai tsawo a kowane hoto.

Daga nan dishi-dishin ya samo asali. Da tsakar rana ma, kyamarar da ba a taɓa cikinta ba tana iya buƙatar daƙiƙa 5 zuwa 30 kafin ta sha isasshen haske. Babu hannun da zai riƙe ta cak tsawon wannan lokaci. Dole ka nemi abin ɗora kyamara mai ƙafa uku, ka sa agogon daƙiƙa biyu don kada dannawarka ta girgiza ta. Fara da ISO 400 da ƙofar haske f/8, ka duba, ka ƙara lokaci ko ka rage. Idan kyamarar mai madubi ce, toshe ƴar tagar da kake leƙawa da baƙin ƙyalle, domin haske na shiga ta baya ya bar jirwaye. Sannan wannan haske ba ya taruwa daidai inda na ido ke taruwa, saboda haka fokas ɗin da ka yi kafin ka ɗaura filta zai ɗan kauce. Ka yi shi ta allo bayan ka ɗaura, ka ƙara girman hoton, ka juya da hannu har gefen reshe ya fito tsaf. Wasu lenis ɗin kuma suna barin farin tabo a tsakiyar hoto, yana ƙara muni idan ka matse ƙofa zuwa f/16. Idan naka haka yake, buɗe ta zuwa f/5.6, in bai daina ba ka canza lenis. Wanda ya fi tsada ba lallai ya fi kyau a nan ba.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe, don shi ne waɗanda suka rubuta littattafan ɗaukar hoto a Turai ba za su gaya maka ba. Wannan hoto na rana ne mai ƙarfi da ɗanyen ganye, kuma a ƙasar Katsina su biyun ba kullum suke haɗuwa ba. Duk abin da ka koya na cewa mai hoto ya jira la'asar sakaliya, ajiye shi gefe. Daga hantsi zuwa azahar, lokacin da abokan sana'arka ke neman inuwa, lokacin ne naka. Ka ba rana baya ko ka bar ta a gefe, don saman da ke gabanka ta fi yin duhu. Kuma kada ka kuskura ka kalli rana ta cikin filta: ido zai ga kamar duhu, alhali hasken na shiga yana yi masa illa.

A cikin shekara, ƙarshen damina ya fi, daga ƙarshen Satumba zuwa cikin Oktoba. Dawa na tsaye kore shar, kuka ba ta zubar da ganye ba, tsamiya da darbejiya sun cika, ruwan sama ya wanke sararin samaniya, ga fararen gizagizai na yawo, ga kududdufai ba su ƙafe ba. A Agusta ganye ya fi yawa, amma idan marka ta zauna, sama a lulluɓe, hoton sai ya fito toka-toka ba armashi. Da hunturu kuwa a yi hattara. Za ka ji ana cewa infared na ratsa hazo, kuma gaskiya ne ga ɗan hayaƙi-hayaƙin da ke rufe nesa. Ƙurar hunturu ta fi wannan kauri, tana mayar da sama fara, baƙin da kake nema ya tafi. Yashi da busasshen kara su ma suna mayar da hasken, sai komai ya zama launi ɗaya. Ka jira ranar da ƙura ta lafa.

Amma rani na da nasa rabon, wato gawo. Shi ne itacen da ke zubar da ganye da damina, ya kuma tofo idan kowa ya bushe. Samu gawo ɗaya a tsakiyar gonar da aka girbe, awaki na kiwo a ƙarƙashinsa, kuka tsirara daga can nesa, ka ɗauka ranar da sama ta yi garau. Ni a wurina wannan ya fi dajin Turai goma. Haka fadama, inda albasa da tumatir ke kore a tsakiyar busasshiyar ƙasa. In kana son ruwa mai faɗi da zai kwanta baƙi a ƙasan hoto, madatsar Zobe da ke kusa da Dutsin-Ma na nan. Iska ce abokiyar gaba: ganye na motsi cikin daƙiƙa 20, sai ya zama hazo. Ka sa kututture ko katangar ƙasa a cikin hoton, don ido ya sami abin da ke tsaye.

Sai maganar ja. Ka sa kyamara ta ɗauka a RAW, ba JPEG ba. Da filta a ɗaure, cika allo da ɗanyen ganye da rana ke duka, ka ɗauka, ka gaya wa kyamara cewa wannan shi ne fari. Nan take jan zai ragu, ganye ya yi fari, sama ta koma ruwan ƙasa. A kwamfuta, Lightroom na tsayawa a ma'aunin launi 2000, wanda bai isa ya kashe jan ba. Buɗe hoton da manhajar kamfanin kyamararka, ko RawTherapee da darktable, waɗanda kyauta ne. Idan kana son sama ta koma shuɗiya, shiga Channel Mixer a Photoshop ko GIMP: a layin ja, mayar da ja sifili, shuɗi 100, a layin shuɗi, mayar da ja 100, shuɗi sifili. Ra'ayina dai, ka fara da baƙi da fari. Ka ƙara wa sama duhu, amma kada ka ƙure farin ganye har ya zama fanko babu zane a ciki, nan ne sababbin hannu ke ɓata aiki.

Idan abin ya shiga ranka, akwai kamfanoni irin Kolari Vision da LifePixel a Amurka da ke cire gilashin ciki gaba ɗaya, sai ka riƙa ɗauka da hannu ba jira. Kada ka yi wa kyamarar da kake cin abinci da ita haka, don ba za ta ƙara yin hoton biki yadda ka saba ba. Nemi tsohuwa ta hannu, kuma kada a buɗe ta a shagon da ƙura ke shiga.

Mutum da baƙon gilashi da ƙarfe mai ƙafa uku a bakin gona abin zargi ne a wannan zamani. Ka fara gaida mai unguwa, ka nemi izinin mai gona, ka tafi da ɗan gari, kada ka nutsa daji kai kaɗai. Kada ka juya kyamarar wajen mata a rafi ko rijiya, domin wannan haske na ratsa wasu yadudduka marasa kauri. Filtar kuma kada ka mayar da ita. Ajiye ta a gidanta, ka gwada saitin nan a kan darbejiyar ƙofar gida har hannunka ya faɗa, sannan ka fita gona.